BABI NA BIYU: TARIHIN 'YARTSANA DAGA DANDALI ZUWA MAJIGI

2.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo dalilin gudanar da wannan bincike da farfajiyarsa da kuma hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihi ne, domin a ga inda fasahar haɗa 'yartsana da yi mata sutura da gina mata muhalli ta samo asali a ƙasar Hausa, da kuma yadda ta kai ga shiga majigi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, na'urar ɗaukar hoto kaɗai ce baƙuwa a cikin wannan fasaha. Sauran abubuwan da take buƙata, wato sassaƙa da ɗinki da gini da kwaikwayon murya da iya tsara labari, duk Bahaushe ya gaje su tun kaka da kakanni.

2.1 'Yartsana a Dandalin Yara

'Yartsana wata 'yar siffa ce ta mutum wadda yara mata suke haɗawa domin wasa. A garin Mungadi da ke cikin ƙaramar hukumar Maiyama, inda mai wannan bincike ya tashi, akan yi ta da ƙashin ƙafar akuya ko tunkiya, ko karan dawa, ko laka. Yarinya takan nemi baƙin zare ta yi mata kitso, ta tsinto ƙyallaye a shagon tela ta yi mata zane da kallabi, sannan ta ɗaura mata 'yan duwatsu a wuya da ƙugu. Idan an gama sai ta goya ta, ta yi mata wanka, ta lallashe ta, kamar dai yadda ta ga mahaifiyarta tana yi wa jariri.

Wasan yakan kai matuƙa ne a lokacin da aka shirya auren 'yartsana. A nan yara sukan raba wa juna matsayi: wannan uwar amarya, waccan uwar ango, sauran kuma 'yan biki. Sukan kewaye wani ɗan lungu a jikin katanga su mai da shi ɗakin amarya, su yi jere da marafan kwalba da fasassun tasoshi da 'yan tukwanen da suka gina da laka. Yara maza su ma ba a bar su a baya ba, domin sukan gina shanu da raƙuma da dawaki da laka a bakin tafki, su kuma ƙera mota da ɓawon kara da totuwarsa.

Idan aka lura da kyau za a ga cewa wannan wasa ya ƙunshi rukunai 3 da kowane fim ɗin 'yartsana yake tsayawa a kansu: jikin 'yartsanar, da suturarta, da muhallin da labarin yake gudana a ciki.

2.2 Sutura a Wasannin Tashe

Tashe, wanda yara da samari suke farawa bayan azumin watan Ramalana ya kai kwana 10, shi ne babbar makarantar koyon shiga. Mai wasan Tsoho da Gemu yakan liƙa auduga a haɓarsa, ya sa tsummokara, ya dogara sanda. Mai wasan Jatau Mai Magani kuwa yakan rataya ƙunshe-ƙunshen saiwoyi da sassaƙe. Kafin yaro ya buɗe baki, masu gida sun riga sun gane wanda yake kwaikwayo daga shigarsa kawai. Wannan ilimi na sa sutura ta faɗi matsayin mai ita, shi ne ainihin abin da mai ɗinka wa 'yartsana kaya yake buƙata, tunda fuskar 'yartsana ba ta cika canzawa ba, tufafinta ne suke gaya wa mai kallo ko basarake ce ko talaka.

2.3 'Yan Dabo

Manya ma suna da nasu wasan 'yartsana, wanda suke neman abinci da shi. A ƙasar Hausa ana danganta shi da dabo, har ma Hausawan Jamhuriyar Nijar suna kiran 'yan tsanar da suna ɗiyan dabo. Mai wasan yakan kafa sanda ya lulluɓa mata babbar riga ko mayafi ta zama kamar 'yar bukka, ya shige ciki ya ɓuya. Daga nan sai ya riƙa ɗago 'yan tsanar ta sama, yana motsa su da hannu, yana yi musu magana da wata siririyar murya wadda yake samarwa ta hanyar saka wani ɗan abu a bakinsa. Makaɗa suna gefe suna kiɗa, suna kuma amsa wa 'yan tsanar magana domin 'yan kallo su fahimta. Wani Bature mai suna R. E. Ellison ya rubuta bayanin irin wannan wasa da ya gani a ƙasar Barno a mujallar Nigerian Field a shekarar 1935, wanda ya nuna cewa wasan ya yaɗu har ƙasashen maƙwabta.

Wannan sana'a ta ja baya ƙwarai a ƙarni na 20. Daga cikin dalilan akwai ƙyamar da jama'a suke yi wa duk abin da aka jingina da tsafi ko rufa-ido, da matsayin malamai game da sassaƙa siffar mai rai, sai kuma zuwan majigi da rediyo da talabijin waɗanda suka janye 'yan kallo. 'Yartsanar yara kuwa ta tsira, domin malamai da dama sun yi sassauci a kanta, bisa hujjar hadisin da ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

2.4 Dabarar Motsa-ka-ɗauka

Kafin a shiga tarihin shigar 'yartsana majigi, ya kamata a bayyana dabarar da ake bi, wadda wannan bincike zai riƙa kira motsa-ka-ɗauka. Fim jerin hotuna ne marasa motsi waɗanda ake haskawa da sauri, hoto 24 a cikin daƙiƙa guda, har ido ya ɗauka motsi yake gani. Saboda haka mai wannan aiki yakan tsayar da 'yartsana ya ɗauki hoto ɗaya, ya ɗan gusa hannunta ko ƙafarta ya ƙara ɗaukar wani, haka-haka har ta kammala taku guda. Fim na minti 10 yana cin hoto 14,400. Ko da an bi hanyar sauƙi ta maimaita kowane hoto sau 2, sai an taɓa 'yartsanar sau 7,200.

Wannan ne ya sa haɗa irin wannan 'yartsana ya bambanta da ta mai dabo. Ta mai dabo hannu ne yake riƙe da ita, ita kuwa wannan dole ta tsaya da kanta a duk yadda aka lanƙwasa ta. Don haka akan yi mata ƙashi da murɗaɗɗiyar waya, a naɗe shi da soso ko auduga, sannan a kafe ƙafafunta a jikin daɓen da take tsaye. Suturarta ma sai an yi mata dabara, domin yadi mai kauri yakan yi wa ƙaramin jiki cirko-cirko, mai laushi ainun kuma yakan motsa duk lokacin da aka taɓa shi, sai ya riƙa karkarwa a cikin fim. Akan zura siririyar waya a lafin riga domin ta zauna inda aka ajiye ta. Haske shi ma dole ya zama bai canza ba daga hoto zuwa hoto, shi ya sa ake aikin a rufaffen ɗaki da fitilu.

Dabarar ta daɗe a ƙasashen Turai. Ladislas Starevich ya yi fim a Rasha a shekarar 1912 da busassun ƙwari waɗanda ya sa wa ƙafafun waya. A Jamus kuma Lotte Reiniger ta fitar da dogon fim a 1926 da siffofin da ta yanka daga kwali, ta kuma ɗauko labarinsa daga hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, waɗanda Hausawa suka sani sarai.

2.5 Moustapha Alassane da Zamansa a Tawa

Mutumin da ya haɗa wannan dabara da al'adun yankinmu shi ne Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar. An haife shi a shekarar 1942 a N'Dounga, kusa da Yamai. Tun yana yaro yake tara mutanen garinsu yana haska musu zane-zanensa da inuwoyi ta hanyar amfani da akwati da fitila. Ya fara da aikin kanikanci, kafin ya haɗu da Jean Rouch, wani Bafaranshe masanin al'adu kuma mai shirya fim, a cibiyar bincike ta Yamai. Ta wannan hanya ce ya samu zuwa Kanada, inda ya ƙaru da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen fim ɗin zane na duniya.

Fim ɗinsa na zane mai suna La Mort de Gandji, na shekarar 1965, ya ci kyauta a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A wannan shekara ta 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, inda ya yi amfani da kwaɗi ya yi wa shugabannin sababbin ƙasashen Afirka shaguɓe a kan son shagali da tafiye-tafiye. Ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15. Daga baya ya tare a Tawa, cikin ƙasar Adar, inda ya buɗe masaukin baƙi ya kuma mai da wani ɓangarensa ɗakin aiki. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.

2.6 Samba le Grand da Kokoa

Finafinansa 2 ne suka fi shafar wannan bincike. Na farko shi ne Samba le Grand na shekarar 1977, fim mai launi wanda 'yan tsana suka fito a cikinsa. Labarin wani jarumi ne da ya nemi auren wata gimbiya, ita kuwa ta riƙa gindaya masa sharuɗɗa masu wuya ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya saba jin tatsuniya a bakin kakarsa zai gane wannan zubi nan take.

Na biyu shi ne Kokoa, wanda ya fara fitowa a 1985, aka kuma sake fitar da sabonsa a 2001. Sunan fim ɗin kalmar Hausa ce, wato kokawa, aka rubuta da ƙa'idar Faransanci. A cikinsa dabbobi irin su kwaɗo da hawainiya da tsuntsu ne suke karawa a fage a gaban 'yan kallo. Zaɓen kokawa ba a banza ya zo ba. A Tawa aka fara gasar kokawa ta ƙasar Nijar, wadda ake ba zakaranta takobi, a shekarar 1975. Bugu da ƙari, kokawa jarrabawa ce mai tsanani ga mai motsa 'yartsana, domin sai ya sa jiki 2 sun rungumi juna, ɗaya ya ɗaga ɗaya, ya nuna nauyi da turjiya da faɗuwa, duk ta hanyar gusa waya kaɗan-kaɗan. Amfani da dabbobi a matsayin mutane kuwa hanya ce da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suka daɗe da sharewa.

Darasin da ke cikin aikin Alassane shi ne rashin jiran kayan waje. Hannun bakanike da idon mai zane ya haɗa, yana ƙera 'yan tsanarsa da abin da ya samu a kusa da shi. 

2.7 Halin da Ake Ciki a Wannan Ɓangare

Hanyar da ta tashi daga Jega ta bi ta Sakkwato da Illela ta ƙetara Birnin Ƙonni ita ce take kaiwa Tawa. Harshe ɗaya ne, kokawar ma ɗaya ce. Duk da haka aikin Alassane ya fi sanuwa a bukukuwan finafinai na Turai da Amurka fiye da nan maƙwabta, har gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke birnin New York ya shirya nunin finafinansa a 2017. Iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata, da bambancin Faransanci da Ingilishi, sun taimaka wajen wannan rabuwa.

Masana'antar finafinan Hausa ta Kano, wadda ta faro da Turmin Danya a shekarar 1990, ta karkata ne ga labaran soyayya da zamantakewa da 'yan wasa na zahiri. Dalilin a fili yake: kasuwar kaset ta wancan lokaci tana son a gama fim cikin 'yan kwanaki a mai da kuɗi, shi kuwa fim ɗin 'yartsana yana cin watanni. A ƙauyuka kuma 'yartsanar roba da wayar hannu sun soma ture ta ƙashi da ta kara. A lura da mai bincike ya yi a Mungadi, yaran da suka iya ƙera motar kara a yau ba su kai na lokacin ƙuruciyarsa yawa ba. Abin lura a nan shi ne, wayar da take janye yara daga dandali tana ɗauke da kyamarar da za ta iya yin aikin motsa-ka-ɗauka, wanda a zamanin Alassane sai da na'ura mai tsada. Ke nan na'ura ta zo hannu a daidai lokacin da gwanintar hannun take neman ɓacewa.

2.8 Naɗewa

Wannan babi ya bi sawun 'yartsana tun daga dandalin yara da tashe da bukkar mai dabo, har zuwa ɗakin aikin Moustapha Alassane a Tawa. An ga cewa rukunan fasahar duka suna nan a cikin al'adar Bahaushe, kuma an taɓa haɗa su da na'ura aka samu abin da duniya ta yaba. Babi na uku zai duba kayan aikin da ake samu a Mungadi da kasuwar Jega, da irin rawar da teloli da maƙera da dukawa da magina za su iya takawa wajen haɗa 'yartsana da suturarta da muhallinta.