Allo da alli: yadda 'yan makaranta ke duba amsar lissafi su gyara da kansu

A makarantun firamare na Yamai, daga ajin CI zuwa CM2, an saba buɗe darasin lissafi da gajeren lissafin ka. Dabarar da malamai ke bi ana kiranta Procédé La Martinière, ko PLM a taƙaice. Sunan ya samo asali ne daga makarantar La Martinière ta birnin Lyon a Faransa, wadda aka kafa da dukiyar da Claude Martin ya bari bayan rasuwarsa a Indiya a 1800. Malamin lissafi Charles-Henri Tabareau ne ya tsara dabarar a can, daga baya ta iso Nijar tare da tsarin karatun Faransa.

Ga yadda ake yi. Malam ya faɗi tambaya sau biyu, yara su yi tunani ba tare da rubutu ba. Ya buga tebur, kowa ya rubuta amsa a ƙaramin allonsa. Ya sake bugawa, a ɗaga alluna. Da kallo ɗaya ya ga wanda ya samu da wanda ya kuskure, ko da ajin ya cika maƙil. Sai wani ɗalibi ya fito babban allo ya bayyana hanyar da ya bi. Waɗanda suka kuskure su gyara, su sake nunawa.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne ginshiƙi, shi ne kuma ya fi saurin salwanta idan lokaci ya ƙure. Yaron da ya rubuta 47 + 38 = 75 ya manta ɗayan da ake riƙewa ne. In ya goge ya kwafi 85 kawai, gobe zai maimaita kuskuren. In kuwa aka tambaye shi inda goman ta shige, ya gano da kansa, to ya koya.

Akwai kuma hanyoyin da yaro zai gwada amsarsa kafin malam ya gani. Ana duba ragi da tarawa: in 85 − 38 = 47, to 47 + 38 dole ya ba da 85. A manyan azuzuwa ana koyar da gwajin tara, wato preuve par neuf. A 23 × 14 = 322, lambobin 23 sun haɗu 5, na 14 ma 5; 5 × 5 = 25, wato 7; lambobin 322 su ma 7. Sai dai gwajin ba ya kama komai, domin 232 ma zai ba da 7.

Batun ba ƙarami ba ne. A binciken PASEC na 2014, wanda ya shafi ƙasashe 10 na Afirka masu amfani da Faransanci, ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ne suka kai matakin da ake buƙata a lissafi. Shirin École pour Tous, wanda hukumar JICA ta Japan ta fara tallafawa a 2004, ya shigo da littattafan atisayen lissafi da yara ke yi bayan lokacin aji, ana duba aikinsu, su gyara kafin su ci gaba.

Iyaye ma suna da rawar takawa, ko ba su iya Faransanci ba. Idan yaro ya dawo da jan biro a littafinsa, a sa shi ya nuna inda ya kuskure, ya sake lissafin da tsakuwa ko da kuɗin cefane.