Sabon Bugu da Tsofaffin Takardu: Waiwaye a Kan Tarihin Manhajar Ofis

Duk ma'aikatar da ta ƙudurta sauya manhajar da akawunanta ke aiki da ita, takan jera tsohon bugu da sabo, ta auna tsada da sauri da ƙawa. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tarihi ya fifita wata tambaya a kan waɗannan, wato: mece ce makomar takardun da aka riga aka rubuta?

Bari mu fara da shekarar 1997. Word 6.0 na 1993 da Word 95 tsarinsu na adana rubutu ɗaya ne, amma da Word 97 ya fito sai ya zo da nasa dabam. Ofishin da ya sauya wa rabin ma'aikatansa manhaja sai ya tarar sauran rabin ba sa iya buɗe takardun abokan aikinsu, sai an ɗora musu wata manhaja mai juya fayil.

Shi wannan sauyi ya shafi Hausa kai tsaye, domin Word 97 ne ya fara adana rubutu bisa ma'aunin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya kuma ba ɓ da ɗ da ƙ lambobinsu na kansu. Kafin haka, zubin haruffa guda bai wuce gurbi 256 ba, saboda haka masu buga Hausa sukan yi amfani da zubi na musamman wanda ya ɗora harafi mai lanƙwasa a gurbin wata alama. In aka buɗe takardar a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai alamar asali ta dawo, kalma ta lalace. Sabon bugu bai gyara tsofaffin fayilolin ba, don kuwa lambar da ke cikinsu ba ta harafin Hausa ba ce tun farko.

Bayan shekara goma aka maimaita. Office 2007 ya maye gurbin doc da xls da docx da xlsx, ya kuma sauya fasalin allon aiki, har ƙwararrun akawuna suka koma koyo. Haƙiƙa an sami ci gaba: layukan Excel sun tashi daga 65,536 zuwa 1,048,576. Amma masu Office 2003 sai da suka ɗora ƙarin manhaja kafin su karanta sababbin fayiloli, kuma a Afrilun 2014 kamfanin Microsoft ya daina kula da bugun nasu.

Wasu hukumomi sun hango matsalar da wuri. A 2005 jihar Masacusat ta Amurka ta zaɓi tsarin OpenDocument, wanda ba mallakar wani kamfani ba ne, bisa hujjar cewa bai kamata takardun jama'a su dogara da mai sayarwa guda ba. Hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta amince da tsarin a 2006, sannan da na Microsoft a 2008. Gwamnatin Birtaniya ma ta ɗauki OpenDocument a 2014.

A taƙaice, sashen jami'a ko maɗaba'a da ke shirin sauyi ya kamata su fara da ɗauko kundin digiri ko ƙamus mafi tsufa a ma'ajiyarsu, su buɗe shi da sabon bugu, su duba ko "ƙasa" tana nan yadda aka rubuta ta. Sai wannan gwaji ya yi kyau a shiga maganar farashi.