Shari'ar Kyaftin ɗin Jirgin Méduse, 1817

Méduse jirgin yaƙin Faransa ne mai tafiya da iska, wanda ya kafe a rairayin Arguin, kusa da gaɓar Muritaniya, ranar 2 ga Yuli 1816. Shari'ar da ta biyo baya na cikin fitattun binciken da hukuma ta yi kan ɓatan hanya a teku a wancan zamani.

Jirgin ya tashi daga tsibirin Aix ranar 17 ga Yuni da mutum kusan 400, har da Julien Schmaltz, sabon gwamnan da zai karɓi Saint-Louis ta Senegal daga hannun Ingila. 

Kyaftin ɗin, Hugues Duroy de Chaumareys, ya fi shekara 20 rabonsa da jan ragamar jirgi. Biyayyarsa ga gidan sarauta ce ta ba shi muƙamin. Umarnin da aka ba shi a fili yake: ya tabbatar ya ga tsinin ƙasar Cap Blanc, sannan ya nausa cikin teku ya kewaye rairayin. Sai ya yi watsi da hafsoshinsa, ya bi shawarar wani fasinja mai suna Richefort, kamar madugun da ya bar masana hanyar Tenere ya bi bakin baƙo. Abin da suka hango daga nesa suka ɗauka Cap Blanc ne, suka gina lissafinsu a kai. Ruwa ya sauya launi. Da aka jefa igiyar awo mai dalma, aka sami zurfin gaba 18, can kuma gaba 6. Kafin a juya, jirgi ya kafe.

Kwale-kwalen ceto ba su isa ba, sai aka ɗaɗɗaure katakai aka loda mutum kusan 150 da niyyar a ja su. Ba a yi nisa ba aka saki igiya. Bayan kwana 13 jirgin Argus ya tsinci 15 da rai.

Gwamnati ta so a rufe maganar, amma rahoton likita Henri Savigny, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, ya fito a jaridar Journal des débats a Satumba 1816. Kotun soja ta zauna a Rochefort daga ƙarshen Fabrairu 1817, ta saurari hafsoshi. Ranar 3 ga Maris ta sami Chaumareys da laifin sakaci wajen tuƙi da barin jirgi alhali da sauran mutane a ciki. Aka tuɓe masa lambobin girma, aka kore shi daga aiki, aka ɗaure shi shekara uku, duk da cewa doka ta ba da damar kisa.

Abin takaici, kotun ta wanke shi kan yasar da mutanen da ke kan katakan, inda mafi yawan rayuka suka salwanta. Ba a gurfanar da Schmaltz ba, balle waɗanda suka naɗa kyaftin ɗin. Littafin da Savigny da Alexandre Corréard, wanda shi ma ya tsira, suka fitar a 1817, da zanen Théodore Géricault na 1819 da ke gidan tarihi na Louvre, su suka kai wannan ɓangare gaban jama'a. Chaumareys ya yi zaman kurkukunsa a Ham, ya mutu a 1841.