Takardar Kotu Ba Ta Mantuwa: Tarihin Sammacin Kamu da Kundin Shari'a a Ƙasar Enugu



A watannin baya an kawo mana maganar wani matashi ɗan uwanmu mai fataucin albasa. Shekara huɗu da suka wuce faɗa ya haɗa shi da wani a kasuwar ƙauye, a wata ƙaramar hukuma ta karkara. Aka kai shi kotun majistare, aka ba da belinsa. Dattawa suka shiga tsakani, aka biya kuɗin magani, aka yafi juna, yaro ya tafi gida noma. A ganinsa magana ta mutu. Sai dai ba wanda ya koma ya sanar da kotu. Da aka yi ta kiran ƙara bai zo ba, majistare ya sa hannu a sammacin kamu. Ranar da ya sake taka kasuwar nan aka tafi da shi, dattijon da ya tsaya masa kuma aka aiko masa da takarda ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ci kuɗin belin. Kwana tara muna zirga-zirga kafin mu sa ido a kan fayil ɗin, domin babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya riƙe lambar ƙarar.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, mu ga inda waɗannan takardu suka samo asali da inda ake ajiye su.

Rubuta shari'a ba baƙon abu ba ne a wurin kakanninmu. Litattafan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, waɗanda aka rubuta da Larabci, suna nan har yau masana na nazarinsu. Amma a gida alƙali ya san mai unguwa, mai unguwa ya san gidan kowa, sulhu kuma kan isa kunnen alƙali tun kafin a rufe littafi. Wanda ya zo kudu da wannan sabon, sai ya tarar da wani tsari daban.

A ƙasar Ibo yawancin garuruwa ba su da sarki guda mai yanke hukunci. Da Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20, sai suka kafa kotunan gargajiya, suka zaɓi wasu mutane suka ba su takardar izinin zama a kotu. Takardar nan ita ake kira waranti, masu riƙe da ita kuma sarakunan waranti. A yankin Udi babu wanda ya kai Onyeama na garin Eke suna a cikinsu. Sai dai sau da yawa ƙarfin gaske yana hannun akawun kotu, domin shi ya iya Turanci, shi ke rubuta sammaci, shi ke riƙe da littafi. Masinjojin kotu, waɗanda mutanen ƙasa ke kira kotma, su ke kai sammaci ƙauyuka, su kamo mutum. Cin hanci da zalunci suka yi yawa. A watan Nuwamba na 1929 mata suka tashi daga Oloko, bore ya bazu lardunan Owerri da Kalaba, aka farfasa kotunan gargajiya da dama, sojoji da 'yan sanda suka kashe mata fiye da 50. Bayan haka aka yi wa tsarin garambawul a 1933, sannan a 1956 gwamnatin Jihar Gabas ta yi dokar kotunan al'ada.

Enugu kuwa garin kwal ne. An gano kwal a 1909, aka fara haƙa a 1915, layin dogo ya haɗa ta da Fatakwal a 1916, aka ba ta matsayin gari a 1917. Mahauta, 'yan tireda da fataken shanu daga Arewa suka biyo layin dogon, har ta kai a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Enugu na farko. A cikin gari majistare ke shari'ar laifi da dokar laifuka ta 1916, wadda ita ce tushen dokar da jihohin kudu ke aiki da ita har yanzu. Arewa ta samu tata dokar, final kod, a 1960. Wato tun daga ranar 'yancin kai, Bahaushen da ke Uwani da ɗan uwansa da ke Fagge ba littafin doka ɗaya ake buɗe musu ba.

To ina tsofaffin takardun? A 1954 Farfesa Kenneth Dike, ɗan asalin Awka, ya jagoranci kafa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan, daga baya aka buɗe rassa a Kaduna da nan Enugu, a titin Colliery. A can ne fayilolin zamanin Turawa suke, an jera su lardi-lardi da yanki-yanki: Lardin Anacha, Udi, Nsukka, Awgu. Mai neman labarin shari'ar da ta shafi kakansa, can ya kamata ya fara.

Sai kuma abin da ya biyo baya. Rikicin 1966 ya tarwatsa jama'armu, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Enugu ta faɗa hannun sojojin tarayya a watan Oktoba na shekarar, ba a ajiye makamai ba sai Janairun 1970. Ita ma taswira ta yi ta sauyawa: Jihar Gabas ta Tsakiya a 1967, Anambra a 1976, Jihar Enugu a ranar 27 ga Agusta 1991, sannan a 1996 aka yanki ɓangaren Abakaliki aka haɗa cikin Ebonyi. Saboda haka shari'ar da aka yi a tsohuwar Anambra, yau tana iya kasancewa ƙarƙashin Enugu, ko Awka, ko Abakaliki. Kafin ka tambayi fayil, ka tabbatar da jihar da kotun take a yanzu.

A Amurka akwai gundumomi da yawa da mutum zai buga sunansa a intanet ya ga ko ana nemansa. Mu a nan, ban da jerin waɗanda 'yan sanda da EFCC ke shelar nema ruwa a jallo, abin yana kan takarda ne a ofishin rajistaran kotun da ta saurari ƙarar. Jihar Enugu na da ƙananan hukumomi 17, kowace kotu da nata kundin. Rajistar masu laifi ta 'yan sanda da ke Alagbon a Legas, inda ake tantance hoton yatsu don takardar shaidar hali, ba za ta maye maka gurbin zuwa kotun ƙauyen ba.

Duk da haka doka ta ba mu haƙƙi, kuma rashin sani ya fi dare duhu. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sashe na 36 ya wajabta wa kotu rubuta yadda shari'ar laifi ta gudana, ya kuma ba wanda ake tuhuma damar karɓar kwafin hukunci cikin kwana bakwai da gamawa, da tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, wadda Enugu ta yi irin tata a 2017, da dokar 'yan sanda ta 2020, sun hana kama wani a madadin wani. Sammacin kamu na kotu kuma dole ya zama a rubuce, da kwanan wata, da laifin, da sunan wanda ake nema ko siffarsa, da sa hannun alƙali ko majistare. Abin da ya ci ɗan uwanmu shi ne, sammacin ba ya tsufa. Yana nan da ransa har sai an zartar da shi ko kotu ta soke shi.

Ga darasin da muka ɗauka. A shari'ar laifi, sunan da ke kan fayil shi ne Kwamishinan 'Yan Sanda ko gwamnati da wane, ba wanda ka yi faɗa da shi ba. Don haka in dattawa sun sasanta, ku je kotu tare ranar zama, a gaya wa mai gabatar da ƙara, alƙali ya rubuta an janye ko an kore ta. Sannan ku rubuta wa rajistara takarda ku nemi kwafi mai hatimi, ku biya kuɗin a karɓi rasit. Kowa ya riƙe lambar ƙararsa, da sunan kotu, da ranar da aka ɗage zama. Wanda ke zargin akwai sammaci a kansa, kada ya aika ɗan kamasho. Ya nemi lauya ya duba masa kundin, su je tare a roƙi kotu ta soke shi. Iyayenmu masu tsaya wa mutane beli kuma, don Allah kada ku sa hannu wa wanda ba ku san gidansu ba.

Daga wannan wata mun buɗe littafi a ofishin ƙungiya. Duk mai shari'a a kowace kotu, ƙarama ko babba, ya zo bayan La'asar mu rubuta lambar ƙararsa mu ajiye kwafin takardunsa. Sirrin kowa amana ne a wurinmu. Shi kuwa matashin, kotu ta soke sammacin bayan wanda suka yi faɗa da shi ya zo da kansa ya tabbatar da sulhun, dattijon ma an sallame shi.

Allah Ya tsare mu da sharrin rashin sani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya, Uwani, Enugu.