Waƙar Kanari da Sabunta Ƙwaƙwalwa: Tarihin Binciken Fernando Nottebohm

Bahaushe galibi kalma ɗaya yake amfani da ita ga sautin da ya fito daga bakin tsuntsu, watau kuka. Kurciya kuka take yi, kanari ma kuka. Masana halayyar dabbobi kuwa sun raba abin gida biyu. Akwai kira, wanda gajere ne, kuma galibi da shi ake ƙyanƙyashe tsuntsu. Akwai kuma waƙa, wadda ta fi tsawo da tsari, wadda a wurin wasu jinsunan sai an koye ta daga manya, kamar yadda yaro yake koyon harshen uwa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin aikin wani masanin ƙwaƙwalwa, Fernando Nottebohm, wanda ya shafe fiye da shekara 40 a kan wannan waƙa. Tambayar da ya fara da ita ta manazarta harshe ce: ta yaya mai rai yake koyon furuci ta hanyar ji? Bin wannan tambaya ne ya kai shi ga girgiza wata aƙida da ta daɗe a ilmin likitanci, wadda ba ita ya fita nema ba.

Magabata

Kamanta waƙar tsuntsu da harshe tsohon abu ne. Tun a 1773 wani ɗan Ingila, Daines Barrington, ya ba da rahoton cewa ɗan tsuntsun da wani jinsi ya rena yakan ɗauki waƙar mariƙinsa. Charles Darwin ma, a littafinsa na 1871 game da asalin ɗan Adam, ya ce ita ce abin da ya fi kama da harshe a cikin dabbobi. Sai dai kunne kaɗai bai isa shaida ba. A shekarun 1950 ne William Thorpe na Jami'ar Kambirij ya sami na'urar nan mai mayar da sauti zane a takarda, irin wadda masu nazarin furuci suka sani, ya auna waƙar wani ɗan tsuntsun Turai mai suna cafinci. Ya nuna cewa wanda aka keɓe tun yana cikin sheƙa, bai ji waƙar kowa ba, da gurguwar waƙa yake tashi.

Peter Marler, wanda ya yi aiki tare da Thorpe, ya koma Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley a Amurka. A 1964 shi da Miwako Tamura suka nuna cewa wata gwara mai farin kai tana da karin waƙa daban-daban a yankunan da ke kewaye da San Faransisko, kamar dai yadda ake gane Basakkwace da Bakano daga buɗe baki. Ɗalibinsa Masakazu Konishi kuma ya nuna a 1965 cewa idan aka kurumtar da wannan gwara bayan ta ji waƙar manya amma kafin ta fara rerawa, ba za ta taɓa iya waƙar ba. Ke nan tsuntsu yana bukatar ji sau biyu: ya ji na gaba da shi, sa'an nan ya ji kansa yana gyarawa.

Daga Ajantina zuwa Rockefeller

A wannan tsangaya ta Marler Nottebohm ya yi karatu. An haife shi a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina a 1940, ya tafi Amurka da niyyar koyon aikin gona, ya sauya zuwa ilmin dabbobi, ya sami digirin digirgir a Berkeley a 1966. A 1967 ya kama aiki a Jami'ar Rockefeller da ke Niyok, inda ya yi sauran rayuwarsa ta aiki.

Ayyukansa na farko guda uku sun cancanci ambato. Na ɗaya ya shafi lokacin koyo. An san cewa cafinci a shekararsa ta farko kaɗai yake koyon waƙa. Nottebohm ya fiɗiye wani tun bai fara rerawa ba, ya bar shi har ya shekara biyu, sa'an nan ya ba shi sinadarin maza da ake kira testosteron. Tsuntsun ya koyi waƙar da aka jiyar da shi a wannan shekarun. Tsuntsu ɗaya ne kurum, saboda haka shaidar ba ta da nauyi sosai, amma ta nuna cewa abin da ke rufe ƙofar koyo yana da alaƙa da halin da jiki yake ciki, ba ƙidayar watanni kaɗai ba.

Na biyu, ya koma ƙasarsa ya ɗauki muryar wata gwara da ake kira cingolo, ya tarar karin waƙarta yana sauyawa tare da sauyawar ƙasa da tsirrai. A 1969 ya yi zaton cewa mata suna zaɓen mazan da ke rera karin garinsu, don haka kari yana tsare kowace al'umma daga cakuɗewa da maƙwabta. Binciken da ya biyo baya bai ƙarfafa wannan zato sosai ba.

Na uku shi ya fi tasiri. Akwatin muryar tsuntsu yana can ƙasan maƙogwaro, daidai inda ya rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare da jijiyarsa. A 1971 Nottebohm ya ba da rahoton cewa idan aka yanke jijiyar hagu a baligin cafinci, yawancin gaɓoɓin waƙarsa sukan ɓace. Idan ta dama aka yanke, kaɗan ne ke salwanta. A kanari abin ya fi haka tsanani. Amma idan tun tsuntsun yana ƙarami aka yanke ta hagun, sai dama ta karɓi aikin. Duk wanda ya san binciken Paul Broca na shekarun 1860 zai ga dalilin da ya sa wannan ya ja hankali, domin har lokacin mutane da yawa suna ɗaukar rinjayen ɓangaren hagu a magana a matsayin abin da ɗan Adam ya keɓanta da shi. Daga baya an gane cewa jinsunan tsuntsaye sun bambanta a kan wannan, wasu ma ɓangarorin biyu kusan daidai suke aiki.

A 1972 ya ɗauki tambayar ta fuskar juyin halitta. Kaza da kurciya, ko an kurumtar da su tun suna ƙanana, kukansu bai cika sauyawa ba. Birai, duk da kusancinsu da mu, ba su da wata bajinta wajen kwaikwayon sauti. A cikin tsuntsaye rukuni uku ne aka tabbatar suna koyo: mawaƙa irin su kanari, da aku da danginsa, da wasu 'yan mitsitsin tsuntsayen nahiyar Amurka masu shan ruwan fure. Ra'ayinsa shi ne kowane rukuni da kansa ya sami wannan baiwa. Nazarin ƙwayoyin gado na 2008 da na 2014 ya nuna cewa aku da mawaƙa 'yan'uwan juna ne na kusa, saboda haka mai yiwuwa ne daga kaka ɗaya suka gaje ta, kuma har yanzu ana muhawara a kai.

Taswirar waƙa

Tun da an san jijiyar da ke shiga akwatin murya, sai a bi ta zuwa sama. A 1976 Nottebohm da Tegner Stokes da Christiana Leonard suka fitar da taswirar farko ta hanyar waƙa a ƙwaƙwalwar kanari. Umurni yana tasowa daga wani curin ƙwayoyin jijiya da ake taƙaita sunansa da HVC, ya sauka wani mai suna RA, daga nan ya isa ga ƙwayoyin da ke motsa tsokokin akwatin murya. Idan aka lalata HVC a ɓangarorin biyu, kanari zai tsaya tsayuwar mai waƙa, maƙogwaronsa yana rawa, amma waƙa ba ta fita. A nan ya kamata mai karatu ya lura cewa kanarin da ake magana a kai shi ne na gida da Turawa suka daɗe suna kiwo, wanda asalinsa daga tsibiran Kanari ne. Wanda muke gani a keji a kasuwanninmu ɗan'uwansa ne.

A shekarar dai, shi da Arthur Arnold suka nuna cewa waɗannan cibiyoyi sun fi girma ninki uku zuwa huɗu a namijin kanari, wanda shi ne gwanin waƙa, a kan ta mace. Idan kuma aka ba baligar mace testosteron, sai ta fara rerawa kamar namiji, HVC ɗinta ya kusan ninkawa. A 1981 ya ƙara da cewa a namiji ma girman ba ya tsayawa wuri ɗaya: a bazarar ƙasashen sanyi, lokacin barbara da waƙa, HVC ya fi yadda yake a kaka da kashi 99 cikin ɗari, RA kuma da kashi 76. Kanari, saɓanin cafinci, kowace shekara yakan zubar da wasu gaɓoɓin waƙa ya koyi sababbi.

Aƙidar da ta girgiza

To, mene ne ke kumbura yana sacewa a kan baligin tsuntsu? Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce rassan ƙwayoyin ne ke tsawo suna gajarta, kuma lalle hakan yana faruwa. Ba a tsammanin sababbin ƙwayoyi, domin tun zamanin Santiago Ramón y Cajal, uban wannan fanni, ake koya wa ɗaliban likita cewa dabba mai shayarwa ko tsuntsu, da zarar ya girma, ba ya ƙara samun ƙwayar ƙwaƙwalwa ko ɗaya. Wadda ta mutu ta tafi ke nan.

Nottebohm da ɗalibinsa Steven Goldman suka gwada. Dabarar ita ce: duk ƙwayar da za ta rabu biyu sai ta kwafi kundin gadonta, watau DNA, kuma tana bukatar wani sinadari mai suna tayimidin don yin haka. Idan aka yi wa tsuntsu allurar tayimidin mai ɗauke da alamar da faifan hoto ke kamawa, duk ƙwayar da aka gani da alamar daga baya, to, a lokacin allurar aka haife ta. Sun yi wa balagaggun mata allurar, wasu tare da testosteron, wasu babu. Sakamakon da suka buga a 1983 ya zarce abin da suka tambaya: an sami sababbin ƙwayoyin jijiya a HVC na rukunin biyu duka, kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a kowace ranar allura. Idan aka duba kwana ɗaya ko biyu bayan allura, a bangon kogon ruwan ƙwaƙwalwa ake ganin masu alamar. Bayan makonni sai a same su cikin HVC. Ke nan a can ake haifarsu, su yi ƙaura.

Masu shakka suna da hujja mai kyau: ƙila ƙwayoyin tallafi ne masu kama da na jijiya. A 1984 John Paton da Nottebohm suka amsa ta hanya mai wuya. Suka zura siririyar waya cikin ƙwayoyin HVC ɗaya bayan ɗaya a tsuntsu mai rai, suka naɗi motsin lantarkinsu, suka cika kowace da rini, sa'an nan suka duba ko tana da alamar. Wasu daga cikin masu alamar sun amsa sauti kamar kowace ƙwayar jijiya. A 1988 kuma Arturo Alvarez-Buylla, wani ɗalibin nasa, ya bi sawun ƙaurar tasu a kan wasu dogayen zaruruwa da suke bi kamar igiya.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba Nottebohm ne ya fara gani ba. Joseph Altman ya ba da rahoton sababbin ƙwayoyi a ƙwaƙwalwar balagaggun ɓeraye tun a 1962, ya ƙara da Gopal Das a 1965, Michael Kaplan ya goyi bayansu a 1977, amma aka yi biris da su. A ganina, abin da ya bambanta aikin kanari shi ne an ɗaure ƙwayoyin da wani aiki da kowa zai iya ji da kunnensa, an kuma toshe kafofin musu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ba a sallama nan take ba. A 1985 Pasko Rakic na Jami'ar Yale ya buga cewa bai sami sababbin ƙwayoyi a balagaggun birai ba, ya kuma kawo dalili: dabbar da ke tara sani na shekaru masu yawa tana bukatar ƙwayoyin da ba sa canzawa. Mutane da yawa suka ɗauki abin a matsayin al'ajabin tsuntsaye kurum, har sai da ayyukan Elizabeth Gould da na Fred Gage a shekarun 1990 suka dawo da maganar kan dabbobi masu shayarwa. A 1998 Peter Eriksson da Gage suka ba da rahoton sababbin ƙwayoyi a hifokamfas, sashen da ke da hannu a ajiye tunani, a ƙwaƙwalwar wasu manyan mutane da suka rasu da cutar daji a Suwidin.

Fassarar da ba ta zauna ba

Abin da Nottebohm ya gano ya tabbata. Dalilin da ya bayar shi ne bai sami karɓuwar kowa ba. Ya juya hujjar Rakic ne: idan koyo yana sauya ƙwaya sauyi na dindindin, to, ƙaramin tsuntsu mai tsawon rai, wanda ba zai iya ɗaukar ƙaton kai yana tashi da shi ba, dole ya zubar da tsofaffin ƙwayoyi don ya sami sararin sabon sani. Akwai abin da ke goyon bayansa. A 1994 John Kirn da abokan aikinsa sun nuna cewa shigar sababbin ƙwayoyi a HVC ta fi yawa a Oktoba da Maris, bayan mutuwar wasu, kuma a daidai waɗannan lokuta ne kanari ya fi ƙara gaɓoɓi. A shekarar kuma Anat Barnea da Nottebohm suka sami irin wannan ƙaruwa a kaka a hifokamfas na cikadi, tsuntsun da ke ɓoye tsaba a wurare da yawa saboda hunturu.

Amma akwai wani ɗan tsuntsun Ostireliya mai zanen jakin dawa a maƙoshi, wanda sau ɗaya yake koyon waƙa kafin ya cika kwana 90, ya riƙe ta har mutuwa, kuma shi ma sababbin ƙwayoyi suna ci gaba da shiga HVC ɗinsa. Wannan yana da wuyar daidaitawa da ra'ayin sararin koyo, sai dai idan an ce riƙe tsohuwar waƙa ma wani koyo ne na kullum. Game da ɗan Adam kuwa, maganar ta sake buɗewa a 2018, lokacin da ɗakin binciken Alvarez-Buylla, wanda a hannun Nottebohm ya koyi aikin, ya buga cewa sababbin ƙwayoyin hifokamfas suna raguwa ƙwarai tun a yarinta har ba a iya ganinsu a manya. Makonni kaɗan bayan haka Maura Boldrini da abokan aikinta a Jami'ar Kolombiya suka buga akasin wannan, a 2019 kuma wata ƙungiya a Madrid ta danganta saɓanin da yadda ake adana ƙwaƙwalwar mamaci kafin a duba ta.