Daga Zariya zuwa Jere: tarihin masu zanen da suka tsaya wa talaka

Mu da muke jami'ar Maiduguri mun saba jin ana yi wa 'yan sashen zane ba'a, wai kwas ɗin wanda ya rasa gurbi ne, ko na 'ya'yan masu kuɗi da ba su da matsalar abinci. To bari mu ɗan leƙa tarihi, don maganar ba haka take ba.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Malamansu Turawa ne, manhajar ma daga Ingila aka kwaso ta. Su kuma suka ce za su karɓi dabarar Bature, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Ɗalibai ne fa kamarmu, shekara biyu kafin samun 'yancin kai.

Bayan 'yanci sai tambayar ta canza. Bature ya tafi, amma wa ke cin arzikin ƙasar? A nan Gani Odutokun ya shigo, malami a sashen zane na Zariya, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995. A zamanin mulkin soja, lokacin da ake rufe jaridu ana ɗaure 'yan jarida, shi sai ya riƙa zana sarki da fadawansa. Akwai zanensa da ya nuna sarki yana raha da janarorinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, amma duk wanda ya rayu a lokacin ya san inda aka dosa. Ai mu Hausawa ba baƙon abu ba ne a wajenmu: zambo da habaici ne, aka yi su da fenti. Ɗan Maraya Jos ma da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, lokacin da wasu mawaƙan ke bin ƙofar masu hannu da shuni.

Sai mu dawo gida. A 2015 Fati Abubakar, 'yar Maiduguri da ta karanta aikin jinya, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram. A lokacin, in ka nemi hoton Borno, abin da za ka gani shi ne bam, gawa da layin karɓar tallafi. Ita kuma ta ɗauki kyamara ta shiga kasuwa, makarantu, gidajen biki da sansanonin 'yan gudun hijira, tana ɗaukar hoton mutum ta rubuta labarinsa a ƙasa. Wasu za su ce ina suka a nan? Akwai ta kuwa. Mai kuɗi idan ya mutu ana buga sunansa da hotonsa, talaka kuwa lamba ake mayar da shi: mutum kaza sun mutu. Duk wanda ya mayar wa talaka fuskarsa da sunansa ya taɓa tushen rashin adalcin.

Irin wannan tunani ne ya sa a 2022 aka baje kawunan yumɓu 108 a Legas, na 'yan matan Chibok da ba su dawo ba tun sace su a Afrilun 2014. Ɗaliban jami'ar Ife ne suka yi aikin tare da wata mai sassaƙa 'yar Faransa, Prune Nourry.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ayyukan nan a ina ake nuna su? Legas, Landan, da shafukan manyan jaridun Amurka. Manomin shinkafa na Zabarmari ko Khaddamari, wanda shi ne ake magana a kansa, bai taɓa shiga ɗakin baje koli ba. Zanen da aka yi don sukar masu kuɗi sau da yawa a falon mai kuɗi yake ƙarewa, don shi ke da halin saye.

Ku tuna 28 ga Nuwamba 2020, ranar da aka yi wa manoma yankan rago a gonakin Koshebe, aka binne mutum 43 a Zabarmari washegari. Yunwa ce ta kai su gona duk da sun san akwai haɗari. Ku tuna 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa bai tambayi kowa ba, gaskiya ne, amma mai hali ya koma otal ko Abuja, talakan Gwange ya kwana a filin makaranta. Waɗannan abubuwa a ƙofarmu suka faru, kuma idan ba mu ajiye su a zane da hoto ba, nan da shekara ashirin rahoton ƙungiyoyin agaji kaɗai zai rage.

Shawarata ga 'yan zane da masu kyamara a cikinmu: in kun yi aikin kammala karatu a kan mutanen Jere, ku nemi izininsu kafin ɗaukar hoto, sannan ku kai musu aikin su gani, ko da a bangon firamare ne ranar kasuwa, da bayani cikin Kanuri, Shuwa da Hausa. Mu kuma 'yan sauran sassa, in an yi baje koli a makaranta mu daure mu je. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya ba Borno lafiya mai ɗorewa.