Mage a kan katifa: tarihin kwana da dabbobi a ƙasar Gaya da Ajingi

1/ Jama'a, tunda hotunan 'yan gayu rungume da mage a kan katifa suka yi yawa ake ta gardama. Wasu sun ce wayewa ce, wasu sun ce ƙazanta ce da kwaikwayon Turawa. Ni ɗan ƙasar Gaya ne, dangin uwata kuma 'yan Ajingi. Bari in ja zare a kan tarihin abin. Ku gyara zama, da ɗan tsawo.

2/ Da farko dai, zama da dabba ba Bature ne ya koya mana ba. Gaya tsohon gari ne. Tarihin baka ya ce maƙeri mai suna Kano daga Gaya ya taso zuwa Dala neman tama, Abagayawa kuma su ne zuriyarsa. A labarin Bayajidda ma maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu.

3/ Garin da ya daɗe haka ya daɗe da noma, noma kuma a ƙasarmu ba ya yiwuwa sai da dabba. Ƙasar Kano cike take da mutane, ba a barin gona ta huta. Abin da ke riƙe ta shi ne taki. Taki kuwa a cikin gida ake tara shi, a turken awaki da tumaki, sannan jaki ya kai shi gona a mangala kafin ruwa ya sauka.

4/ Shi ya sa da damina ake ɗaure dabbobi a gida, yara su yiwo musu ciyawa, don kada su yi ɓarna a gonar mutane. Akuya kuma asusun mace ce. In biki ya taso ko ciwo, a kai ta kasuwa. Har yau duk wanda ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san irin dabbobin da ke fitowa daga ƙauyukan nan.

5/ Fatar jar akuyarmu har hamada ta ƙetare. Ayari ya kai ta Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko. Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar da jima da ɗinkin fata cikin manyan sana'o'in birnin. Wato dabbar da ke tsakar gidan talaka ce ke riƙe da wannan ciniki.

6/ To yanzu ku duba yadda aka tsara gidan Bahaushe. Doki na da barga. Tumaki da awaki na da turke. Kaji na da akurki. Tattabaru na da ɗakinsu. Kare, in akwai shi, yana ƙofar gida ko bayan danga. Kowa da makwancinsa. A cikin duk waɗannan, mage ce kaɗai aka bari ta shiga ɗaki ta fita yadda ta ga dama.

7/ Ba wai sauran ba sa shiga ɗaki ba ne sam. In sanyin hunturu ya tsananta, akuya ta haihu cikin dare, kakata takan ɗauko 'ya'yan ta ajiye su kusa da wuta a ɗakinta. Kaza mai kwanci ma a lungun ɗaki take, ko ƙarƙashin gado, don tsoron muzuru da ɓarawo. Amma kan shimfiɗa? Ko kusa. Tsintsiya na nan.

8/ Me ya sa mage ta samu wannan gata? Rumbu. Duk inda aka tara gero da dawa ɓera zai zo, inda ɓera ya zo kuma mage za ta biyo shi. Haka abin ya faro a duniya baki ɗaya. Magen gida jikar magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, wadda ta matso kusa da manoman farko saboda ɓerayen da ke cin hatsinsu.

9/ A tsibirin Kubrus an tono wani kabari mai kimanin shekara 9,500, mutum da mage a binne kusa da juna. An bayyana binciken a 2004. Kare ya ma riga ta: a Jamus an samu kabarin mutum biyu tare da kare mai kimanin shekara 14,000. Don haka shaƙuwar da kake ji da magenka tsohon abu ne, ba ciwon zamani ba ne.

10/ Sai addini ya zo ya ƙara wa mage daraja. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, akwai hadisin Abu Ƙatada da ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi (SAW) ya ce ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Sunan Abu Huraira ma daga 'yar mage ya samo asali.

11/ Kuma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Masu jifar mage da masu camfin cewa baƙar mage mayya ce ko aljana, ku ji da kyau. Camfin nan bai da tushe a littafi.

12/ Kare kuwa nasa hukuncin daban. Hadisi ya halatta riƙe shi don farauta, kiwo ko gadin gona, ya kuma yi gargaɗi a kan ajiye shi haka kawai. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Duk da haka al'ada ta tsayar da shi a waje. Maharbi na son karensa, amma ba ya raba tabarma da shi.

13/ To me ya canza? A ganina abu uku. Na farko, gadon kansa. Kakanninmu a tabarma suke kwana, ko gadon kara, ko gadon ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa, irin na masu jego. Da safe a kakkaɓe tabarma a shanya ta a rana. Daga baya gadon ƙarfe ya shigo cikin kayan ɗakin amarya, sannan katifar soso.

14/ Katifa da bargo da kafet na riƙe gashi da ƙuma da ƙwayayenta. Wa ke fitar da katifa mai inci goma rana kullum? Na biyu, ɗakin. Ɗakin siminti mai silin da tagar gilashi a rufe yake ruf, duk abin da ya shiga ya zauna. Na uku, matsayin dabbar. Da ma'aikaciya ce mai kama ɓera, yanzu an ba ta suna, ana saya mata abinci a kanti.

15/ Ban ga laifin na ukun ba. Matashin da ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya a Kano ko Dutse, mage na ɗebe masa kewa sosai. Wani bincike a Finland a 2012, a kan jarirai 397, ya ma nuna waɗanda ke gidajen da ke da kare sun fi ƙarancin ciwon kunne da na numfashi a shekararsu ta farko. Amma zama gida ɗaya aka auna, ba kwana gado ɗaya ba.

16/ A kan gadon ma an yi bincike. A 2017 asibitin Mayo na Amurka ya auna barcin mutum 40 masu kare har dare bakwai. Waɗanda karensu ke ɗaki amma ba a kan gado ba sun fi samun barci mai kyau a kan waɗanda ke kwana da shi. Ku lura, wannan karen Amurka ne fa, mai katin allura da likitansa.

17/ Nan ne inda kwaikwayo ke cutar da mu. Magen da kake gani a Instagram ba ta taɓa fita ƙofar gida ba. Magen Ajingi kuwa da dare tana rumbu, tana bola, tana kan katangar maƙwabta, ta kama ɓera ta kama ƙadangare. Da asuba ta dawo ta hau matashinka da duk abin da ta kwaso.

18/ Ɓera ba abin wasa ba ne. A 1969 aka gano zazzaɓin Lassa a garin Lassa na jihar Borno ta yau. Wani nau'in ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa, an fi ganinsa da rani. A Janairun 2020 ya kashe likitoci biyu a Kano. Mage na rage ɓera, alhamdu lillahi. Amma takan jawo mushensa har cikin ɗaki, wani lokacin har kan shimfiɗa.

19/ Ƙuma ma tana da tarihi. Annobar da ta addabi Legas daga 1924 zuwa 1931 ta hanyar ƙumar ɓera ta riƙa kama mutane. A 2011 wasu masana biyu, Chomel da Sun, sun tattara rahotannin mutanen da suka kamu da cuta ta hanyar kwana da dabba, har da irin wannan annoba. Sun ce abin ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa.

20/ Kaji fa? A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a jihar Kaduna, nan da nan ta bayyana a Kano. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Tun lokacin ma'aikatan lafiya ke roƙon a raba wurin kwanan kaji da na yara. Mu a ƙauye wannan ya fi shafarmu fiye da zancen mage.

21/ Mafi muni shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ne, amma mage ma na ɗauka ta kuma yaɗa, ta cizo, ta yakushi, ko ta lasar rauni.

22/ Abin takaici, maganin kariyar ya daɗe. Tun 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura a Faransa ya rayu. A nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana aiki tun 1924, tana kuma yin allurar rigakafin karnuka. Amma da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai a tsira.

23/ Don Allah ku riƙe wannan ko da kun manta sauran. In kare ko mage ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Na sha jin ana cewa a ƙona gashin karen a shafa. Wallahi ba ya magani. Ciwon kan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye, har a ɗauka an warke.

24/ Masu juna biyu kuma: akwai wata ƙwayar cuta, tokzoplasma, da aka gano a Tunis a 1908. Tana fita a kashin mage, tana iya taɓa ɗan da ke ciki. Ba sai an kori magen ba. Wani ya riƙa kwashe kashinta kullum, a wanke ganye da kyau, a dafa nama ya nuna, don ta nama ma ana kamuwa.

25/ Sauran ƙananan abubuwa: makero da ƙora suna tsallakawa daga 'yar mage zuwa fatar yaro. Mai asma na shan wuya da gashinta. Jariri ba ya iya ture abin da ya kwanta masa a fuska, mage kuwa ɗumi take bi. Ga kuma farce: dare ɗaya ya isa ta huda gidan sauro, a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara duk damina.

26/ To ina na tsaya? Baligi mai lafiya, mai magen da ba ta yawo, wadda aka yi wa allura aka ba ta maganin tsutsa da na ƙuma, haɗarinsa kaɗan ne, shi ya san gadonsa. Amma inda akwai jariri, mai ciki, tsoho, mai asma ko mai raunin garkuwar jiki, dabba ba ta hawa shimfiɗa. Mage mai farautar dare ma haka. Kare kuwa makwancinsa a waje.

27/ Ba wuya. Kwali ko tsohon kwando da tsumma a gefen ɗaki, mage ta samu gadonta. Kaji su koma akurki. 'Yan awaki in sanyi ya yi yawa a yi musu lungu daban. A wanke hannu kafin a ci abinci. A nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma a tambayi allura. Duk 28 ga Satumba ma ranar yaƙi da ciwon haukan kare ce ta duniya.

28/ Mutanen da suka gina gidajen Gaya da Ajingi sun fi mu kusanci da dabba nesa ba kusa ba. Sun ci arzikinta, sun ji tausayinta, sun kuma ware mata wurin kwana ba tare da sun taɓa jin sunan Pasteur ba. Hausawa suka ce kowa ya kwana lafiya shi ya so.

29/ 'Yan Gaya, Ajingi, Albasu da Wudil, a gidanku ina mage take kwana lokacin kuna yara? Kaji fa, akurki ko ƙarƙashin gado? Ku faɗa min, ina son jin yadda abin yake a sauran ƙauyuka. Ku kuma tura wa duk mai jariri ko mai ciki a gida. Allah ya tsare mu da iyalanmu.